Mahaifina ya raine ni a matsayin ɗa namiji, yanzu kuma ya ce in zama amarya

Assalamu alaikum, Anti. Shekaruna 26, ni ce auta a cikin 'ya'ya biyar, kuma dukanmu mata ne. Mahaifinmu yana da shagon kayan gini, kuma tun ina 'yar shekara tara yake tafiya da ni can idan an tashi daga makaranta. A gaban abokansa yakan ce ni ce namijin gidansa. Na taso ina ƙirga buhunan siminti, ina ciniki da direbobi, ina sallamar 'yan dako, kuma da na gama karatun akanta sai littafin shagon ya dawo hannuna gaba ɗaya. Yayyena duk an aurar da su da wuri, ni kuwa duk wanda ya zo sai Baba ya ce ba yanzu ba. Bara hawan jini ya kwantar da shi, kuma tun da ya tashi ya sauya magana: ya ce in auri ɗan ƙaninsa, in zauna a gida, shi kuma ya karɓi shagon. Ba na ƙin yaron, amma ba na son sa da aure. Abin da ya fi damuna shi ne ban san yadda ake zama irin macen da ake so in zama yanzu ba. A gidan biki ji nake kamar baƙuwa, leshi da kwalliya takura ni suke yi, hirar ƙawayena ba ta shiga kaina, har wani lokaci nakan tambayi kaina ko ni mace ce da gaske. Kwanakin baya na kalli wani fim na Japan, sannan na nemi littafinsa na zane na karanta. Labarin Oska ne, yarinyar da mahaifinta janar ya raina a matsayin namiji, daga baya kuma ya so ya aurar da ita. Na yi kuka kamar ni aka zana. Anti, Baba ya lalata ni ne? Ni mece ce? Kuma in yi abin da Oska ta yi, in bijire in bar gida?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Tambayoyinki uku ne, kuma ta ƙarshen ce ta fi gaggawa, don haka zan ba ki amsarta tun kafin mu yi nisa: kada ki bar gida, kada kuma ki ce kin amince da auren da zuciyarki ba ta karɓa ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa aikinki yake. Amma tunda labarin Oska ne ya buɗe miki baki, ya kamata mu duba shi da kyau, domin ina ganin kin riƙe ƙarshensa kin bar tsakiyarsa, alhali tsakiyar ce ta shafe ki.

Saboda masu karatun da ba su san shi ba, littafin da kike nufi shi ne Berusaiyu no Bara, wato Furen Barsai, labari cikin zane irin wanda Japanawa ke kira manga, wanda Riyoko Ikeda ta wallafa kashi-kashi a mujallar 'yan mata mai suna Margaret daga 1972 zuwa 1973, tana da shekara ashirin da 'yan kai. An mayar da shi shirin talabijin mai kashi 40 daga 1979 zuwa 1980, an fassara shi da Larabci har ya zaga ƙasashen Larabawa da sunan Lady Oscar, sannan aka yi masa sabon fim a 2025, wanda nake zaton shi kika kalla. Labarin yana gudana ne a Faransa gab da juyin juya halin 1789. Sarauniya Mari Antuwanet da fadar Barsai da kurkukun Bastil duk tarihi ne na gaskiya, amma Oska ƙirƙirar marubuciyar ce. Ita ce ta shida a jerin 'ya'ya mata na Janar Jarje, kuma ranar da aka haife ta mahaifin ya gaji da jira, ya raɗa mata sunan maza, ya yanke cewa ita za ta gaje shi a aikin soja. Tana da shekara 14 aka ba ta gadin Antuwanet, wadda aka kawo daga Ostiriya a 1770 don ta auri yarima mai jiran gado.

Abin da nake so ki lura da shi, 'yata, shi ne cewa janar ɗin ya yanke hukunci a kan rayuwar 'yarsa sau biyu, kuma duka biyun bai tambaye ta ba. Karon farko yana bukatar magaji, sai ya mayar da ita namiji. Karo na biyu, bayan ta bar dakarun fada ta koma jagorantar rundunar talakawa da ke gadin birnin Paris, ya ga ƙasar na shirin kamawa da wuta, tsoro ya kama shi, sai ya tuna cewa mace ce, ya kawo mata miji, Jirodel, wanda tsohon mataimakinta ne a aiki. Masu karatu da yawa sun fi jin haushin hukuncin farko. Ni na biyun ya fi tsaya mini, saboda a lokacin ba jaririya ba ce da ba ta san komai ba: babbar mace ce mai sojoji a ƙarƙashinta, wadda za a iya zama da ita a yi shawara, amma aka sake juya ta kamar ba ta da ra'ayi. Kuma labarin bai ɓoye cewa ƙauna ce ta tura shi ba. Mahaifi yana iya ƙaunar 'yarsa har cikin ransa kuma ya zalunce ta da hukuncinsa a rana guda, kuma wanda bai yarda da wannan ba ba zai fahimci janar ɗin ba, ba zai fahimci Babanki ba.

Me Oska ta yi a wannan gaɓar? Ba ta haɗa kayanta ba. An shirya liyafa don masu neman aurenta, sai ta zo sanye da kakin soja ta yi ta rawa da matan da ke wurin har taron ya watse, wanda ba abin koyi ba ne, duk da cewa yana da daɗin kallo. Abin koyin ya zo ne daga baya, lokacin da ta tsaya gaban mahaifinta ta tambaye shi ko da an raine ta kamar yayyenta da ita ma an aurar da ita tana ƙarama ta ƙare a cikin ado da liyafa, ya ce haka ne, sai ta gode masa don ya buɗe mata duniya mai faɗi, ta kuma shaida masa cewa a kan wannan hanyar za ta ci gaba. Ki dubi abin da ya faru a nan. Rayuwar da aka ɗora mata tun ba ta iya magana ba, ta auna ta da kanta, ta ga akwai abin so a cikinta, ta karɓe ta da hannunta. Daga ranar aikin soja ya daina zama umarnin janar, ya zama zaɓin Oska, kuma shi ya sa janar ɗin ba shi da ikon karɓe shi. Jirodel kuwa, da ya gane ba ta son sa, janyewa ya yi.

Wannan ita ce amsar tambayarki ta farko. Baba bai lalata ki ba. Ya yi amfani da ke don cike wani gurbi a zuciyarsa, kuma ya yi kuskure da ya riƙa kiran ki namiji a gaban mutane, domin yarinya 'yar shekara tara da ta ji ana yabon ta da haka takan fahimci cewa mace a karan kanta ba ta isa a yi alfahari da ita ba, kuma wannan darasin yana daɗewa a rai. Ina zaton yayyenki ma sun ji ciwonsa ta ɗaya gefen, ko da ba su taɓa faɗa miki ba. Amma iya lissafi, da sanin farashin rodi da kwano, da iya tsayawa gaban direban da ya kawo kaya ba cikakku ba ki ce ba za ki sa hannu ba, waɗannan duka naki ne. Shekara goma sha bakwai kika yi kina tara su, kuma ba aron su kika yi daga ɗan da ba a haifa ba. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce mai ɗaukar maza aiki tana tura su fatauci, kuma babu wanda ya ce hakan ya rage mata wani abu daga zamanta mace.

Kafin in zo kan tambaya ta biyu, bari in faɗi dalilin da ya sa irin wannan labarin ya yawaita a littattafan Japan, domin zai taimaka miki ki ga Babanki daga nesa. Shekaru kusan ashirin kafin Oska, a 1953, Osamu Tezuka ya zana gimbiya Safaya a Ribon no Kishi, wadda aka raina a matsayin yarima saboda dokar masarautarsu ta hana mace hawa karaga. Tezuka ya tashi ne a garin Takarazuka, inda tun 1914 ake da gidan wasan kwaikwayo na mata zalla, mata ne ke fitowa a matsayin maza, kuma wannan gidan ne ya ɗora labarin Oska a dandamali a 1974 ya samu karɓuwar da ba a manta da ita ba. A ƙarƙashin duk wannan akwai tsohon tsarin gida na Japan, inda gida da sunansa da sana'arsa suke bin babban ɗa namiji. An soke tsarin a doka a 1947, amma damuwar ba ta tafi ba. Dokar gidan sarautarsu ta wannan shekarar har yau maza kaɗai ta ba gadon karaga, shi ya sa Gimbiya Aiko, 'ya ɗaya tilo ta Sarki Naruhito, ba ta cikin layin gado. 'Yan kasuwarsu kuwa sun daɗe da samo dabara: wanda ba shi da ɗa namiji sai ya aurar da 'yarsa ga saurayi mai hazaƙa, ya mayar da shi ɗansa a doka, ya ba shi sunan gidan da ragamar sana'ar. Osamu Suzuki, wanda ya shugabanci kamfanin Suzuki shekaru masu yawa, ta wannan hanyar ya shiga gidan. Sunan gidan da aka haife shi Matsuda ne. Ina ganin kin riga kin gane inda na dosa. Abin da Baba yake shiryawa da ɗan ƙaninsa ɗan'uwan wannan dabarar ne. Shago yake nema wa miji, ke kuma hanyar da za a bi ce.

Ban faɗi haka don in zuga ki ba. Na faɗa ne don ki san cewa matsalar da ke hana Baba barci ta dukiya ce da tsaro, kuma irin wannan matsalar tana da mafita da yawa waɗanda ba aure ba. Mutumin da ciwo ya kwantar ya tashi yana tambayar kansa: idan na faɗi, wa zai tsaya wa matata da 'ya'yana? Wa zai hana 'yan kasuwa su raina yarinya? Wa zai hana 'yan'uwana su shigo su raba shagon? Ba ya son ya furta waɗannan, sai ya dunƙule su cikin kalma ɗaya, ya ce aure.

Sai tambayarki ta biyu, wadda na san ita ce ta sa kika rubuto wa baƙuwa maimakon ki tambayi yayarki. Ba zan ce miki shirme ba ce, kuma ba zan manna miki wani suna ba, domin wasiƙa guda ba ta isa a san mutum ba. Abin da zan iya yi shi ne in raba miki abubuwan da kika cakuɗa. Akwai rashin sabo: wadda ta yi ƙuruciyarta a bakin shago ba za ta iya hirar gidan biki ba, kamar yadda ƙawayenki ba za su iya rufe lissafin wata ba, kuma wannan ana koyon sa idan ana so. Akwai ɗabi'a: wasu matan, ko a ɗakin uwa suka tashi, leshi da jan baki ba sa burge su, sun fi son magana kai tsaye da aikin da ake ganin sakamakonsa, kuma irinsu suna nan a kowace unguwa, sun yi aure ko ba su yi ba, suna rayuwarsu. Sannan akwai abu na uku wanda ya fi waɗannan zurfi, wato mutum ya daɗe yana jin ƙunci mai tsanani da jikinsa kansa da kuma kiran sa da jinsinsa, ko da babu biki, babu aure, babu wanda ya matsa masa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan yanayin, kuma masu fama da shi ba wasa suke yi ba. Duk misalan da kika kawo, leshi da kwalliya da hira, na farko da na biyu ne, kuma kin ce tambayar ta tsananta ne bayan an kawo maganar aure. Wannan ya sa nake zaton abin da ranki ke gudu shi ne rayuwar da aka shata miki, ta zaman gida da miƙa makullin shago, kuma da yake an koya miki cewa wannan kaɗai ake kira mace, sai kika ɗauka cewa ƙin ta yana nufin ke ba mace ba ce. Zato ne nake yi, ke ce kika san cikinki. Ki jarraba tambayar kanki haka: da a ce gobe Baba ya janye maganar auren, ya ce shago naki ne, ki sa suturar mutunci wadda kika ga dama, shin tambayar za ta ci gaba da hana ki barci? Idan ta lafa, kin samu amsa. Idan ba ta lafa ba, to ki nemi ƙwararren likita ko mai ba da shawara wanda aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri, ki yi magana da shi a natse, ba tare da gaggawar yanke komai ba. Kada ki kai wannan zancen Facebook ko zauren WhatsApp, kada kuma ki faɗa wa wanda ba ki gwada amanarsa ba, domin kin san inda muke zaune, kuma magana irin wannan idan ta fita ba ta dawowa.

Ita kanta Oska, a littafin, ta san ita mace ce. Mutanen fada da yawa ma sun san haka. Ta so wani bafaden ƙasar Suwidin mai suna Fasen, har ta sa rigar mata sau ɗaya tak don ta yi rawa da shi, daga baya kuma ta gane cewa Andire, jikan mai rainonta wanda suka tashi tare, shi ne nata. Masu karatu sun daɗe suna muhawara a kan yadda za a fahimce ta, kuma wannan haƙƙinsu ne, amma abin da ke kan takarda shi ne mace da ta ƙi yarda a ce sai ta ajiye takobi kafin ta so wani, ko sai ta kashe zuciyarta kafin ta riƙe takobi. Japanawa suna da wasu littattafan da suka shafi abu na ukun nan kai tsaye, kamar Horo Musuko na Takako Shimura, kuma ba shi ne ya sa ki kuka ba. Wanda ya sa ki kuka labarin uba ne da 'yarsa.

Game da bijirewa, ki tuna yadda aka ƙare. A watan Yunin 1789 Oska ta ƙi bin umarnin korar wakilan jama'a daga zauren taronsu, mahaifinta ya zare takobi zai kashe ta don wanke sunan gidansa, Andire ya shiga tsakani. Ranar 13 ga Yuli aka harbe Andire, washegari ita ma ta faɗi a gaban Bastil. Marubuciya tana da damar kashe jarumarta tana da shekara 33 don labari ya yi armashi, kuma ba sai ta nuna mana wa zai biya kuɗin haya ko wa zai kai mahaifi asibiti ba. Bijirewar Oska ma ba a kan aure ta kasance ba, a kan zaluncin da ake yi wa talakawa ne. Ita kuwa maganar aure, da baki Oska ta warware ta, a cikin gida.

Don haka ga abin da nake ba ki shawara. Ki fara da mahaifiyarki, wadda ba ki ambace ta ko sau ɗaya a wasiƙarki ba, kuma wannan shirun ya ja hankalina. Yarinyar da uba ya ɗauke zuwa shago sau da yawa takan yi nisa da ɗakin uwarta ba tare da kowa ya nufa ba. Ki zauna da ita, ki tambaye ta abin da Baba yake faɗa idan dare ya yi, domin ita ta san ainihin tsoronsa. Bayan ita ki nemi wanda Baba ke jin nauyinsa kuma ba shi da wata riba a cikin shagon: gwaggonki idan tana da faɗa a ji, ko amininsa, ko limamin da yake girmamawa. Ƙanin nasa, mahaifin yaron, ba ya cikin waɗanda za a aika, ko da mutumin kirki ne.

Saƙon da za a kai masa kada ya zama “ba ta so” kawai, domin wannan zai bar shi da tsoronsa babu mafita, kuma mai tsoro ba ya sauraro. A kai masa tsari. Ki rubuta yadda shagon yake a yau, abin da ke ciki, bashin da ake bin ku da wanda kuke bi, da yadda kike ganin za a tafiyar da shi idan shi ya huta. Idan ana bukatar namiji don zuwa sari ko bin bashi a wuraren da Baba ba ya so ki je, a ɗauki ɗan ƙanin nasa aiki da albashi ko da kaso sananne, a rubuta, a sa shaidu. Yaron zai samu sana'a, zumunci ya ƙaru, kuma ba a ɗaura wa kowa auren da zai zo yana cizon yatsa ba. Ke ma a rubuta matsayinki. Shekarun da kika yi kina aiki a matsayin 'yar gida ba su ba ki ko bulo ɗaya a doka ba, kuma gara a faɗi wannan yanzu da Baba yake da ƙarfin yanke hukunci.

Na san maganar gado tana da nauyi a baki alhali mai dukiya yana raye, Allah ya ja kwanansa, amma ke akanta ce, kuma tsoron da ba a lissafa shi ba ya fi girma a ido. Bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, idan mutum ya bar mata da 'ya'ya mata biyu ko fiye, babu ɗa namiji, kuma iyayensa sun riga shi, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 'ya'yan suna da kashi biyu cikin uku, ragowar ta tafi ga asaba, wato 'yan'uwansa. Idan aka kasa dukiyar gida 24, mahaifiyarku tana da 3, ku biyar kuna da 16, 'yan'uwan Baba suna da 5. Kin ga kashi 19 cikin 24 yana ɗakinku, kuma abin da ya rage ana iya biyan masu shi da kuɗi ba tare da an rufe shago ba, idan ku 'yan ɗaki ɗaya kun haɗa kai. Wasiyya ba ta halatta ga magaji, amma kyauta a lokacin rayuwa ta halatta, da sharaɗin a miƙa ta a karɓa tun mai bayarwa yana da lafiya, kuma a yi adalci tsakanin 'ya'ya kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya koyar. Wannan ya sa dole yayyenki su kasance cikin maganar tun farko, kada su ji ta a bakin wani. Ku kai cikakken bayanin danginku ga malamin da ya san ilimin gado ya tabbatar muku da lissafin, domin mutum ɗaya da aka manta yana iya sauya shi.

A kan auren kansa, kina da hujja, amma ki san iyakarta don kada a ba ki mamaki. Hadisi ingantacce ya ce ana neman izinin budurwa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da son ta ba. Sai dai ita bazawara ce, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi an ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, ko da yake malamai sun so ya nemi yardarta, sun kuma hana shi yin hakan inda akwai cutarwa. Saboda haka kada ki shiga wurin Baba da niyyar kayar da shi da nassi. Hadisin nan na neman izini ya ce shirun budurwa shi ne izininta, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ki yi shiru. Ki faɗa da ladabi, a gaban mahaifiyarki da wanda kuka wakilta, cewa ba ki amince ba, ki maimaita duk lokacin da aka tambaye ki, ba tare da ɗaga murya ba kuma ba tare da sauya amsa ba. Shi ma yaron ya cancanci ya ji gaskiya daga majiya mai mutunci tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Samari da yawa ba sa son matar da aka tilasta, kuma mai yiwuwa shi ma biyayya yake yi wa nasa uban.

Idan kin samu zama da Baba ku biyu, kuma ina fatan za ki nema bayan manya sun share hanya, ki zaɓi lokacin da ya sha maganinsa ya huta, ki fara da godiya, domin kina da abin godiya na gaske. Ki ce masa shi ya koya miki duk abin da kika iya, kuma ba ki son ranar da zai ga an rufe shagon da ya gina. Sannan ki roƙe shi abu biyu: ya ba ki shekara guda ki tafiyar da shagon a gaban idonsa bisa tsarin da kuka rubuta, kuma ya bar maganar aure a buɗe har ki kawo wanda zai aure ki yana sane da cewa da safe shago za ki tafi. Idan ya ce ai ke mace ce, ki ce masa haka ne, kuma mace ce ta riƙe masa littafi duk shekarun nan bai taɓa samun giɓi ba. Idan ya fusata, ki tashi ki ba shi wuri, ki bar gwaggo ta koma bayan kwana biyu.